Gonar da Sai Na Hau da Ƙafata

Bana bazara ta zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba. Tun hantsi duwatsun bayan gari suke shan rana, kafin azahar ba mai iya dafa su da hannu. Iska ba ta motsi. Awaki sun bar kiwo sun jeru a gindin katanga, bakinsu a buɗe. A farkon zafin nan na yi ta yini a ƙofar ɗakina, ƙafafu a miƙe don gwiwoyina ba sa son lanƙwasa, ina duban hanyar da ta hau dutse. Sau ɗaya na taɓa sanin zafi irin wannan, shekarar da muka yi gonar bisa. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, don ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Garinmu yana gindin dutse, tsakanin Buza da Keita. Gabas da mu kwari ne, can gonakin kirki suke. Yamma da mu dutse ne, samansa shimfiɗe kamar faifai. A da, saman nan fako ne tsantsa, ƙasa ja mai tauri wadda ko ƙarangiya ba ta fita a kanta. In an yi ruwa, sai ya zubo mana ja wur, ya wuce.

Damanar da ta gabaci shekarar da nake magana, ina da ɗana na fari yana tafiya, ina goyon ƙanwarsa Rabi. Ruwa ya sauka da wuri, muka shuka, hatsi ya fito. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hatsin bai wuce taƙi ba ya murɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka sake shuka da ragowar iri, ita ma ta bi ta farin. Da kaka ta zo ba a ji ƙarar sussuka a gida ko ɗaya ba.

Abin da muka ci, ga yadda ya biyo juna. Da farko abin da ya rage a gindin rumbu. Bayansa dussa. Bayanta muka kai awaki kasuwar Karofane, muka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Sannan ganyen jiga. A ƙarshe anza, wadda sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, duk da haka ɗacinta yana kwana a maƙogwaro. Maza suka fara fita bida, neman na abinci, wasu Najeriya, wasu Abijan. Mai gidana ya bi su. Gari ya koma na mata da tsofaffi da yara.

Cikin rani sai ga kamyo, babbar motar kaya, ya shigo da mutanen furoje, masu aikin raya karkara. Suka ce za a gyara saman dutse, kuma duk wadda ta yi aiki za ta sami abinci: jar dawa, da mai, da kifin gwangwani. Ba wadda ta tambayi ma'anar gyaran. Dawar muka ji.

Aikin yana da tsari, ni kuwa ina son abu mai tsari. Bayan sallar asuba mu hau. Tsofaffin maza da suka rage su fasa dutse da diga. Mu mata mu naɗa gammo, mu ɗauko, mu jera duwatsun a layi, a gicciye, yadda ruwa in ya taho zai tarar da su a gabansa. Layin nan shi ake kira gandari. Bayan kowane gandari mu haƙa ramuka, mu zuba taki a ciki. In rana ta take, a ba mu hutu a gindin wata aduwa, wata madam ta koya mana baƙaƙe a kan allo. Can na koyi ɗan rubutun nan da nake yi.

Da bazara ta shigo, aikin ya zama wani abu dabam. Zafin dutse yakan ratsa gammo ya kai ƙoƙon kai. Ruwan tulu ya yi ɗumi kamar na wanka. Rabi a bayana ta yi kuka har ta gaji ta yi shiru, gumina da nata su haɗu su jiƙa zane. In na sauke babban dutse nakan ji wuyana ya yi ƙara, gwiwa ta yi rawa, sai in girgiza ƙafa in koma. Ƙawata Tsahara, wadda muke ɗauka tare, ba ta rufe baki ko da yunwa.

"Habsu," in ji ta, "in munka gama da wanga dutse, sai mu tahi mu kwashe na Keita. Na ji an ce ya tare musu iska."

"Ɗauki naki ki bar surutu."

"Ke dai ba a yi miki haƙoran dariya ba. Wanga da kika ɗauka, miji na ko dutse? Na ga kin rungume shi."

Haka muka yi har gajimare suka fara taruwa a gabas. A nan ne maganar ƙasa ta taso. Mutanen furoje suka ce a raba wurin ga matan da suka yi aikin. Amma fakon nan yana da masu shi. Gadon gidan Malam Illa ne tun kakanni, ko da yake ba wanda ya taɓa kai sungumi can. Aka taru a ƙofar mai gari. Malam Illa dattijo ne mai magana a hankali, ya ce:

"Ban hana ba. Yaran nan sun wahala, na gani da idona. Amma ban son gobe in ji mijin wance ya saida, ko ƙanen mijin wance ya gada. Wadda ta ɗauki dutse, ita na ba. In dai ta hau da ƙafarta, ta jefa iri da hannunta, gona tata ta. Damanar da ta kasa, ƙasa ta komo gida."

Tsahara ta kyalkyale. "Baba, mu da muke hawa da dutse bisa kai da goyo a baya, hawa hannu wofi ne za shi gagare mu?"

Kowa ya yi dariya, har Malam Illa. Aka shafa fatiha. Uwar mijina tana wurin, zaune a kan turmi don ba ta iya tsayuwa. Ita ba ta yi dariya ba. Na dube ta, na ɗauka zafi ne ya dame ta.

Ruwan farko na shekarar ya same mu a bisa. Iska ta fara zuwa da ƙamshin ƙasa, sannan ɗigo manya manya masu ɗumi, sannan ya ɓarke. Muka tsaya a fili ba mu nemi mafaka ba. Ruwa ya taho a guje kamar yadda ya saba, ya tarar da gandari, ya tsaya. Ya kwanta a bayan duwatsun da muka jera, ya cika ramuka, ya shige ƙasa muna kallo. Washegari na jefa iri a gonata, ina rufewa da diddige. Da kaka na sauko da dammuna a kaina, daga wurin da ko akuya ba ta zuwa kiwo.

Gonar nan ta riƙe gidanmu. Mai gidana ya dawo, ya yi shekarunsa, Allah ya ɗauke shi. Gonarsa ta kwari, kwazazzabo ya ci rabi, 'yan'uwansa suka raba rabi. Ɗana na fari ya girma, ya auri Zinaru, suka haifi yara, shi ma ciwo ya ɗauke shi yana da ƙarfinsa. Yau Zinaru da 'ya'yanta, bakinsu duka yana kan gonar bisa. Ita take noma, ita take girbi. Amma jefa iri nawa ne, haka aka shafa fatiha.

Tsufa ma bi da bi ya zo mini, kuma ta inda dutse ya bi ya biyo. Wuya ya fara. Baya ya karɓa. Sannan gwiwoyi, suka kumbura, suka fara ƙara kamar ana taka busasshen kara. Da, ban san hanyar dutse tana da wurin hutawa ba. Daga baya na san gindin aduwa. Daga baya na san wani faffaɗan dutse da ke gaba da ita. Har ya zama babu inuwar da ban zauna a cikinta ba. Hanyar ita ma ba ta tsaya yadda take ba. Kusa da sama akwai matsatsi da muke kira Maƙogwaro, inda jaki ba ya wucewa. Ruwan shekaru ya kwashe ƙasar wurin ya bar duwatsu tsirara, matakin da yake a idon sawu ya koma a gwiwa.

Unguwarmu ma ta tsufa tare da mu. Da aka kawo gudro, wato kwalta, samari suka koma gina gidajensu a bakin hanya, inda moto yake tsayawa, inda famfo yake. Gindin dutse ya rage namu, matan gandari. In katanga ta faɗi ba a tayar da ita. Da rana tsaka ba ka jin komai sai tari daga wannan gida, wani ya amsa daga wancan.

Malam Illa ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Alkasum ne babban gida yanzu. Ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Gidansa cike yake da baki, shi ma kwazazzabo ya ci gonakinsa na kwari. Kowace shekara, ranar shuka, yakan hau ya gaishe mu, ya ba mu goro, ya tsaya ya gani. Abin da ya gani shi yake kai wa dattawa.

Muka yi ta raguwa. Wasu mutuwa ta ɗauke su, ƙasa ta koma gida. Wata cikinmu, Dije, da ƙafa ta ƙi, ɗanta ya goya ta ya hau da ita. Dattawa suka zauna, suka ce goyo ba ƙafa ba ne. Tsahara kuwa yanar ido ce ta rufe mata gani. Ɗanta ya kai ta Tawa cikin bazara a yi mata aiki, da niyyar su dawo kafin ruwa. Ruwa ya riga su. An yi shuka tana kwance da ido a ɗaure. Ta dawo tana gani sarai, har zare takan zura a allura, gona kuwa ta tafi.

"An buɗe mini ido," in ji ta, "don in ga dammunana suna sauka zuwa gidan Alkasum."

Saura ni kaɗai.

Bara na hau tun asuba, ban kai ba sai da rana ta kusa tsaka. Saukowa ta fi hawan. Na kwanta har bayan kaka ban taka ƙofar gida ba. Da rani Rabi ta zo daga Madawa, inda take aure, ta tafi da ni can asibiti wurin lokotoro. Ya latsa gwiwoyin, ya ce ƙashi ne yake gugar ƙashi, ya ce hawa ya ƙare. Da muka fito Rabi ta ce:

"Inna, kin ji da kunnenki. Ga ɗaki na share miki. Ga famfo a tsakar gida, ga asibiti kusa. Mi kika aje a gindin dutsen nan?"

"Lokotoro za shi ciyar da ɗiyan wanki?"

"Allah za shi ciyar da su."

"Allah ya riga ya ba su. Ga ta can bisa."

"To sai yaushe, Inna? Sai kin faɗo an kwaso ki a tabarma?"

"Ki sa ni mota. Gajimare ba su jiran kowa, tambayi Tsahara."

Ta yi fushi, ta yi kuka, ta sa ni mota. Ban ga laifinta ba. Ɗakin da ta share yana da kyau, na kwana a ciki, na ji daɗin katifar.

Shi ne bana, da zafin nan ya sauka, na zauna a ƙofar ɗaki na yi tunanin abin a jere. Hawa ɗaya ya rage a gwiwoyin nan, na sani kamar yadda mace take sanin abin da ya rage a rumbunta. Ruwa ba ya aiko da saƙo. In ya sauka ina ƙasa, Maƙogwaro zai yi santsi, kafin in kai laima ta bushe. In na hau na yi binne, wato na jefa iri a busasshiyar ƙasa na sauko, shukar tana iya lalacewa, a nemi ta biyu, ita ma sai da hannuna. Ke nan sai in hau tun ruwa bai zo ba, in zauna can in jira shi.

Na kira Zinaru na gaya mata yadda za a yi. Da farko ta kafa bukkar kara a gindin bagaruwar da muka dasa a gefen gona. Bayan haka ta hau da tulu, da tabarma, da buta, da iri. Sannan ni.

"Inna, bisa babu kowa. Ga rana, ga kunamu."

"Na san su tun ba a haife ki ba. Yi abin da na ce."

Ta yi. Kafin in tashi na dogara sanda na shiga gidan Tsahara, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na same ta tana tsince wake.

"Na ji an yi miki ɗakin amarya bisa dutse," in ji ta. "Wa za shi kai ki? Ko mu yi guɗa?"

"Ƙafata za ta kai ni."

"Wadda? Wagga da ke kuka kamar ƙyauren gidan mai gari?" Ta ajiye faifan. Ta daɗe tana dubana da idon nan nata da aka gyara. "Yaushe za ki sauko?"

"In shuka ta kama."

"Habsu, ni kike gaya ma haka?"

Ta ɗebi wake ta ƙulle a gefen zanena. Ta ce, "Akwai dutsen nan na baki, inda muke leƙen gari. Ki riƙa zama bisa nai da la'asar. Ido dai an ba ni, bari ya yi wani amfani."

Na fita bayan sallar asuba. Zinaru tana bayana da bido, jarkar ruwa, na hana ta taɓa ni, don kada gobe a ce an riƙe ni. Na huta a gindin aduwa. Na huta a faffaɗan dutse. Daga nan rana ta fito da ƙarfinta, sandar ma ta yi zafi a hannu. A Maƙogwaro na ajiye sanda, na sa hannu biyu da gwiwa biyu. Dutse ya ƙona tafina. Kowane mataki sai na ɗaga ƙafa da hannu na aza ta, sannan in ja sauran jiki. Ina jin Zinaru tana salati a bayana. Wani wuri gwiwar dama ta yi wata ƙara wadda ban taɓa ji ba, idona ya yi duhu, na kifa goshi a dutse har ya washe. Da na fito sama, inuwa ta riga ta koma gabas. Na yi azahar a zaune.

Zaman jira ya yi tsawo. Kullum da safe Zinaru takan hauro da fura da ruwa, ta koma. Sauran yinin ni da gandari ne. Duwatsun suna nan inda muka aza su, sun nutse rabi cikin ƙasar da suka tara, ciyawa ta bushe a tsakaninsu. Akwai waɗanda na gane. Da rana bukka takan yi zafi kamar tanderu, in jiƙa mayafi in rufe kai. Gajimare su taru a gabas, su yi baƙi, iska ta watsa su. Gwiwar dama ba ta sake karɓar nauyina ba.

Ruwan ya zo wata ranar da yamma, da ƙamshin nan nasa a gaba. Bukka ta zuba ta ko'ina, na rungume ƙwaryar iri a cikin zane. Ya taho a guje, ya tarar da gandari, ya tsaya.

Da safe Zinaru ta iso da sungumi. Bayanta sai ga Alkasum, da sanda shi ma, furfura ta cika gemunsa, yana haki. Ya daɗe a durƙushe kafin ya iya gaisuwa.

"Inna Habsu, ina kwana. An ce kina bisa, ban yarda ba."

"Ga ni. Kai ne za a goya baɗi, yadda na ji kana numfashi."

"Wallahi Inna, wanga dutse ƙara tsawo shi kai." Ya ciro goro ya miƙo mini. "Da ƙafarki?"

"Tambayi Maƙogwaro, fatar gwiwata tana can."

Zinaru ta shiga gaba tana sara. Ni na bi ta a zaune, ina jan jiki, ƙwarya a cinya. In jefa iri, in rufe da tafin hannu, tunda diddige ba ya aiki. Ƙasar tana da sanyi, tana manne wa yatsu. Alkasum ya biyo mu layi bayan layi. Wani wuri ƙwaryar ta karkace, ya sunkuya zai tare, sai ya janye hannunsa ya mayar baya. Da muka kai gandari na ƙarshe ya ce:

"Na gani, Inna. Bana taki ta." Ya dubi bakin hanya. "In shuka ta kama, in turo samari su sauko da ke. Saukowa ba a yi mata sharaɗi ba."

"In sun sauko da ni, wa za shi hau mini baɗi?"

Ya dubi Zinaru, ya dubi ƙasa, ya ɗauki sandarsa. Na daɗe ina jin tarinsa a cikin Maƙogwaro.

Shuka ta kama. Hatsi ya kai gwiwa yanzu, kore shar har bakin dutse. Na gaya wa Zinaru abin da za a yi bayan kaka: da farko a hauro da laka a yaɓe bukkar, sannan a sa mata ƙyaure, sannan a kawo akwatina da ke ƙarƙashin gado. Rabi ta aiko a gaya mini ɗakin yana nan a share. Na ce a gaishe ta.

Da la'asar nakan ja jiki zuwa dutsen baki. Daga nan ana ganin komai: gudro da motocin Madawa, rufin kwano na sabuwar unguwa, katangun tsohuwa da suka zube, ƙofar ɗakina a rufe. A gidan da ke kusa da shi wani ɗan baƙin abu yakan fito tsakar gida ya tsaya. Idona ba ya rarrabe fuska daga nan. Amma nakan ga farin kallabi ya ɗaga sama, yana kaɗawa. Sai in kwance nawa in ɗaga.